Waiwaye: Kwatarniyar Dutse da Ta Girmi Cocinta

A ƙauyukan Ingila, sau da yawa abin da ya fi komai tsufa a cikin coci shi ne kwatarniyar dutsen da ake yi wa jarirai baftisma, wadda ake girkewa kusa da ƙofar shiga. A rushe bango, a sauya rufi, ita dai tana nan, domin a cikinta aka tsoma iyaye da kakanni.

Ƙalilan ne suka rage daga zamanin da ya gabaci mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066, irin ta cocin ƙauyen Deerhurst, wadda aka tsinto a wani gidan gona a ƙarni na 19 aka mayar da ita cikin cocin. A ƙarni na 12 aka sassaƙa su da yawa, masu zurfi, tunda jaririn dungurungum ake tsomawa, kuma akan shimfiɗa darma a ciki don kada dutsen ya shanye ruwan. Masu hali har daga Tournai, a Beljiyam ta yau, suke sayo na baƙin dutse. Bakwai suna nan har yanzu, ciki har da ta babban cocin Winchester da ta East Meon, mai ɗauke da labarin Adamu da Hauwa'u.

Ruwan kuwa ba kullum ake sabunta shi ba. Ana tsarkake shi lokacin Ista da Fentikos, ya zauna wata da watanni, sai mutane suka shiga ɗibarsa a ɓoye don tsafi da neman magani. Shi ya sa a 1236 Babban Bishop na Canterbury, Edmund, ya ba da umarni a riƙa rufewa da kwaɗo. Wanda ya duba bakin tsohuwar kwatarniya zai ga ramukan da ƙarafan makullin suka bari. Daga wannan murfi na tsaro aka kai ga marufan katako masu tsini, kamar na Ufford a Suffolk, wanda ya haura mita biyar.

A ƙarni na 15 masu kusurwa takwas, waɗanda ake sassaƙa wa siffofin mutane, suka zama yayi, musamman a Norfolk da Suffolk. Su ne kuma suka fi shan wuya. A 1643 da 1644, ana tsakiyar yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, wani mai ƙin siffofi a coci mai suna William Dowsing ya zagaya coci-coci a Cambridgeshire da Suffolk da izinin ɓangaren majalisa yana farfasa siffofi. Fuskoki da dama da aka goge da guduma har yau a goge suke. Wasu Ikklisiyoyin suka koma amfani da ɗan kwano, sai bayan dawowar sarautar da aka soke bayan yaƙin, a 1660, aka maido da kwatarniyoyin.

Ni dai ɓarnar da ta fi ci mini rai ita ce ta masu gyaran coci a zamanin Sarauniya Victoria, cikin ƙarni na 19. Babu gaba a zukatansu, son sabon abu ne kawai ya sa suka fitar da tsofaffi masu shekara ɗari bakwai waje, wasu suka zama tukwanen furanni a lambu, wasu kwamin shayar da dabbobi.