Nerik

Nerik tsohon birni ne na ibada a daular Hittiyawa, wadda ta mulki tsakiyar Anatoliya, cikin Turkiyya ta yau, daga wajen ƙarni na 17 zuwa farkon ƙarni na 12 kafin haihuwar Annabi Isa. Martabarsa ba ta yaƙi ko kasuwa ba ce. A nan ne babban haikalin abin bautarsu na hadari da ruwan sama yake, wanda suke ɗauka ɗa ne ga allahiyar rana ta garin Arinna. A nan kuma ake bikin Purulli na farkon shekara, inda ake karanta labarin yadda abin bautar hadari ya kashe wani maciji mai suna Illuyanka.

Sau biyu garin ya ɓace. Na farko, a wajen ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa, Kaskawa mazauna duwatsun arewa suka ƙwace shi. Akwai addu'ar Sarki Arnuwanda na Ɗaya da sarauniyarsa Asmunikal, a rubuce a allon yumɓu, suna kukan an wawashe haikalai, an kwashe firistoci da dabbobin hadaya. Dole aka mayar da ibadar Nerik garin Hakmis, ana yi daga nesa. Sai a ƙarni na 13 Hattusili na Uku, tun yana ɗan sarki, ya sake gina birnin, ya zama firist ɗinsa, har ya raɗa wa ɗansa suna Nerikkaili. Da ɗan yayansa, Sarki Urhi-Tesub, ya karɓe masa Nerik da Hakmis, sai Hattusili ya yi tawaye ya hau gadon sarauta. Wannan kaɗai ya isa nuna nauyin garin.

Ɓata na biyu ya fi tsawo. Bayan rushewar daular, sunan ya rage a alluna kawai, kufan kuwa ya shige ƙasa. Masana sun daɗe suna gardama a kan inda yake, ba su da madogara sai abin da rubutun ya ambata: kogin Marassanta, wato Kızılırmak na yanzu, da Dutsen Haharwa, da wani idon ruwa mai zurfi da abin bautar yake ƙauna.

A shekarar 2005 Rainer Czichon da Jörg Klinger, masana daga Jamus, suka fara nazarin wani tudu mai suna Oymaağaç Höyük, kusa da Vezirköprü a lardin Samsun, aka soma tono a 2007. An gano harsashin katafaren haikali a saman tudun, da gutsattsarin alluna masu rubutun tsinin ƙusa, wato irin rubutun da Hittiyawa ke amfani da shi, da ke ambaton Nerik da Haharwa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wata doguwar matakala ta dutse da ta nutsa ƙarƙashin ƙasa, ta dire a wani ɗaki mai idon ruwa. Shekaru aka kwashe ana kwashe ƙasar da ta cike ta, kuma a ƙasan an tarar da katakai da danshi ya hana su ruɓewa. Haɗuwar wannan ruwa da abin da allunan suka faɗa ne ya sa yawancin masana a yau suke ɗaukar Oymaağaç a matsayin Nerik.