Ƙarfin injin a-kori-kura da jinkirin gyaran garanti: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya sayi sabuwar motar a-kori-kura yakan dogara da abubuwa biyu da kamfani ya rubuta masa, wato alƙaluman ƙarfin inji da takardar garanti. Alƙaluman suna faɗa masa nauyin da motar za ta iya ja, takardar kuma tana faɗa masa wanda zai biya idan wani abu ya lalace. Babu ɗaya daga cikinsu da yake faɗin yawan kwanakin da motar za ta yi a gareji tana jiran gyara, kuma a nan ne ƙorafi da yawa na masu irin waɗannan motoci yake taruwa.

Wane adadi ne ya fi muhimmanci ga mai ɗaukar kaya, ƙarfin doki ko ƙarfin murɗawa?

Ƙarfin murɗawa shi ne yake tayar da mota daga tsaye idan tana ɗauke da kaya ko tana jan tirela, ƙarfin doki kuwa yana nuna saurin da inji zai iya ci gaba da yin wannan aikin. Ba abubuwa ne biyu rababbu ba, domin ana samun ƙarfin doki ne ta hanyar ninka ƙarfin murɗawa da yawan juyin inji a minti ɗaya. Abin da ya kamata mai ɗaukar kaya ya duba shi ne a wane juyi ne injin yake bayar da cikakken ƙarfin murɗawarsa. Injin dizal yana bayar da shi tun yana juyi ƙasa-ƙasa, shi ya sa yake hawa tudu da kaya ba tare da ƙara mai yawa ba, alhali injin fetur marar turbo (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji) sai an taka shi sosai kafin ya kai ga nasa.

Me ya sa injunan yanzu suka fi na da ƙanƙanta, amma alƙaluman ƙarfinsu suka fi yawa?

Dokokin rage hayaƙi da na tsimin mai ne suka tura kamfanoni wannan hanya. Ford ya sanya injin EcoBoost mai silinda shida da turbo biyu a motar F-150 a shekarar 2011, a lokacin da masu saye da yawa suke ganin ba a yin a-kori-kura babba sai da silinda takwas. Toyota ya bi sahu a 2022, inda ya cire injin V8 (mai silinda takwas) mai lita 5.7 daga Tundra ya maye gurbinsa da V6 (mai silinda shida) mai turbo biyu. Tsohon injin yana bayar da doki 381 da murɗawa ta kusan Nm 544 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa) a juyi 3,600 a minti, sabon kuwa doki 389 da kusan Nm 649 a juyi 2,400 kacal. A kan takarda da kuma a kan hanya, sabon ya fi.

Sai dai wannan ƙarin ba kyauta ba ne. Turbo yana cusa iska da yawa cikin ƙaramin silinda, don haka matsi da zafin da fistin da karanshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa) suke ɗauka ya ƙaru, shi kansa turbon yana juyi fiye da sau 100,000 a minti, kuma ɗan siririn baƙin mai ne kawai ke tsakanin sandarsa da ƙarfen da take juyawa a ciki. Ƙari a kan haka akwai famfon mai mai matsi sosai, da na'urorin auna iska da hayaƙi, da kwamfutar da ke lura da su duka. Ba a cewa injin zamani ya fi na da rauni, amma wuraren da matsala za ta iya ɓullowa sun ƙaru, kuma kaɗan ne daga cikinsu bakanike zai iya gyarawa ba tare da kwamfutar kamfani da sabon kayan gyara ba.

Idan mota ta rage ƙarfi ba zato ba tsammani, injin ne ya lalace?

Ba lallai ba ne. Idan kwamfutar mota ta ga wani adadi da ya fita daga ƙa'ida, kamar zafin man giya ko matsin iskar turbo, takan rage ƙarfin injin da gangan don kare shi, sai direba ya ga yana taka totur amma motar ta ƙi ɗaukar gudu. A motocin dizal na zamani, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi jawo wannan shi ne tsarin tace hayaƙi. Matatar da ke cikin salansa tana tara baƙin toka, kuma ba ta ƙona shi sai zafinta ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Celsius, abin da yake buƙatar tafiya mai ɗan nisa ba tare da tsayawa ba. Motar da aikinta gajerun tafiye-tafiye ne da yawan tsayuwa inji na kunne takan toshe wannan matata. Haka nan idan ruwan tsabtace hayaƙi na DEF ya ƙare, ko na'urar da ke auna shi ta yi kuskure, motar za ta taƙaita gudunta ko da injin lafiyarsa lau. Tsayin wuri sama da teku ma yana da nasa tasiri, domin injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama.

Lalacewar inji a sabuwar mota laifin mai ita ne ko na masana'anta?

Duka biyun suna faruwa, amma shekarun nan sun nuna cewa kuskuren masana'anta ba abu ne na nan da can ba. A watan Mayun 2024 Toyota ya yi kiranye, wato ya nemi a dawo da mota don gyara kyauta, ga motoci kusan 102,000 na Tundra da Lexus LX ƙirar 2022 da 2023 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfen da ya rage a cikin inji tun lokacin ƙera shi, wanda yake iya cinye mazaunin karanshaf har injin ya buga. Bayan kimanin wata biyu kamfanin ya sanar cewa zai canza injin ne gaba ɗaya. A watan Afrilun 2025 General Motors ya kira motoci kusan 600,000 masu injin V8 na lita 6.2, ciki har da Silverado da Sierra ƙirar 2021 zuwa 2024, saboda lahani a karanshaf da sandunan fistin. Wanda injinsa ya tsallake gwaji an sauya masa baƙin mai daga 0W-20 zuwa 0W-40 mai kauri, wanda bai tsallake ba kuma sai gyara ko sabon inji. Tun kafin su, a 2021, an kira manyan motocin Ram masu injin Cummins fiye da 200,000 saboda famfon dizal da yake iya lalacewa ya watsa ɓurɓushin ƙarfe cikin duk hanyar mai.

Me garanti ya ɗauka, me kuma bai ɗauka ba?

A kasuwar Amurka, inda aka fi sayar da manyan a-kori-kura, abin da aka saba gani shi ne shekara 3 ko mil 36,000 ga motar baki ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 ga inji da giya, injunan dizal kuma sukan samu shekara 5 ko mil 100,000, duk wanda ya riga cika. Wasu ƙasashen suna da nasu tsarin. Alkawarin da ke cikin takardar shi ne kamfani zai gyara ko ya canza abin da ya lalace saboda kuskuren ƙira ba tare da mai mota ya biya ba. Ba a cika samun wa'adin kammala gyara a ciki ba, kuma galibi akwai sakin layin da ya cire asarar da ta biyo bayan lalacewar, kamar aikin da aka rasa ko kuɗin hayar wata mota. Motar aro ma sau da yawa alfarma ce ba haƙƙi ba, kuma ko an bayar, ƙaramar motar shiga ba za ta ja tirelar magini ko ta manomi ba, ga shi kuɗin bashin motar da na inshora ba sa tsayawa don tana gareji.

To me ya sa gyaran garanti yake ɗaukar makonni, wani lokaci watanni?

Dalili na farko shi ne dillalin da yake gyaran ba shi ne mai biya ba. A ƙasashe da yawa dillali kamfani ne mai zaman kansa, yana yin aikin ne sannan masana'anta ta biya shi, kuma idan ya yi babban aiki ba tare da izini ba tana iya ƙin biya. Saboda haka kafin a canza inji sai an bi matakai. Bakanike zai zare matatar baƙin mai ya yanka ta, ya buɗe naɗe-naɗen takardar da ke ciki a ƙarƙashin fitila, idan ya ga ƙyalƙyalin ɓurɓushin ƙarfe sai ya ɗauki hoto, ya kwance kaskon mai, ya sake ɗaukar hoto, ya haɗa da bayanan kwamfuta da rasitan juyen mai ya aika. Amsa na iya dawowa da umarnin a ƙara kwance wani sashe. Duk wannan lokacin motar tana tsaye, ba a ma yi odar komai ba tukuna.

Na biyu shi ne kayan gyara. Masana'anta tana ƙera injuna ne daidai da motocin da za ta haɗa, ba ta ajiye dubbai a rumbu, don haka idan lahani ɗaya ya shafi motoci 100,000 a lokaci guda, kowane dillali yana bin layi ɗaya, sabbin motocin da ake haɗawa kuma suna neman injin nan ɗin. Ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da aka yi fama da shi daga 2020 zuwa 2022 ya nuna yadda abu ɗan ƙarami zai iya ajiye mota sukutum.

Na uku, wanda ba a cika faɗa wa mai mota ba, shi ne yadda ake biyan kanikawa. A garejin dillalai da yawa ana biyan bakanike ne bisa awannin da littafin kamfani ya ƙayyade wa aikin, ba awannin da ya ɓata a zahiri ba, kuma awannin aikin garanti sukan gaza na aikin da abokin ciniki yake biya da kansa. Canza inji aiki ne na kwanaki, a wasu manyan motocin dizal ma sai an ɗage kan motar daga kan firam kafin a kai ga wasu sassa, kuma ƙwararrun da aka horar su yi shi ba su da yawa. Idan aka haɗa waɗannan, ba abin mamaki ba ne aikin garanti ya riƙa komawa ƙarshen layi, ko da babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa.

Yaya za a yi idan gareji ya ce bai ga matsalar ba?

Matsalar da take zuwa tana tafiya ita ce mafi wahala, domin masana'anta ba ta biyan gyaran abin da ba a tabbatar ba. Idan ƙarar tana fitowa ne da sanyin safiya a daƙiƙun farko bayan tayar da inji, kai motar da rana inji da zafi ɓata lokaci ne. Sai a bar ta ta kwana a garejin, a nemi bakanike ya tayar da ita da kansa, a kuma ɗauki bidiyon da ke nuna ƙarar tare da allon dashbod. Kada a goge lambobin matsala daga kwamfutar motar kafin a kai ta. Abu mafi muhimmanci shi ne a karɓi takardar aiki a kowace ziyara, ko da an rubuta ba a ga komai ba, mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita, nisan tafiyar motar, da ƙorafin kamar yadda mai motar ya faɗe shi.

Kamfani zai iya ƙin gyara saboda an yi juyen mai a wani gareji?

A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi hidimar mota a garejin da ba nasa ba, ko an sa kayan gyaran wani kamfani, sai idan wannan aikin ko wannan kayan ne ya jawo lalacewar. Amma yana da damar tambayar shaidar cewa an yi hidima a kan lokaci da irin man da ya ƙayyade, kuma motar da ke jan kaya ko yawan tsayuwa a kunne tana ƙarƙashin jadawalin aiki mai tsanani, wanda tazarar juyen mansa ta fi gajarta. Wanda ya sauya manhajar kwamfutar inji don ƙara ƙarfi, ko ya cire matatar hayaƙi, ya miƙa wa kamfani hujja da hannunsa, domin irin wannan sauyi yakan bar alama ko da an mayar da manhajar asali.

Yaushe ne jira ya wuce iyaka a idon doka?

Ya danganta da wurin da aka sayi motar. Jihohin Amurka suna da dokokin kare wanda ya sayi sabuwar mota mai lahani, jihar Connecticut ce ta fara kafa irinta a 1982. A Kalifoniya, idan cikin wata 18 na farko ko mil 18,000 an gwada gyara matsala ɗaya sau huɗu ba a yi nasara ba, ko sau biyu idan tana barazana ga rai, ko motar ta yi fiye da kwana 30 a gareji, ana ɗauka an ba kamfani isasshiyar dama, kuma mai motar zai iya neman a mayar masa da kuɗinsa ko a ba shi wata. A Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 na farko ya mayar da kaya mai lahani. Masu a-kori-kura su lura cewa wasu daga cikin waɗannan dokoki sun taƙaita kariya ga motar da aka saya da sunan kasuwanci ko wadda nauyinta ya wuce wani adadi.

Idan garanti ya ƙare motar tana jiran kayan gyara fa?

Abin da aka saba dubawa shi ne ranar da aka kai ƙorafin da nisan tafiyar da aka rubuta a ranar, ba ranar da kayan suka iso ba, don haka takardar aikin farko ita ce hujja. Yana da kyau mai motar ya buɗe ƙorafi kai tsaye a sashen kula da abokan ciniki na masana'anta, ya karɓi lambar ƙorafin, ya kuma nemi lambar odar kayan daga dillali, domin masana'anta na iya ɗaga odar motar da ta tsaya cik zuwa sahun gaggawa. Gyaran kiranye kuwa ba ya bin wa'adin garanti, kuma a Amurka ana iya duba ko mota tana cikinsa ta hanyar shigar da lambar shaidarta ta VIN, mai haruffa da lambobi 17, a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar.