Rabe-raben Dabbobi: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Na daɗe ina koyar da bayoloji a sakandare, kuma duk shekara da jarrabawar WAEC ta ƙarato, tambayoyin nan dai su ne. Ga amsa. Kada wanda ya sake tare ni a hanyar masallaci.

Matakan rabon nawa ne?

Bakwai, daga babba zuwa ƙarami: masarauta, failom, aji, oda, dangi, jinas, sifishis (wato takamaiman nau'in dabbar). Zaki: Animalia, Chordata, Mammalia, Carnivora, Felidae, Panthera, leo. Kyanwar gidanku tare suke har matakin dangi, daga nan kowa ya kama gabansa. Haddacewa za ku yi, babu wata dabara.

Jemage tsuntsu ne?

A'a. Haihuwa yake yi, kuma yana shayarwa. Tashi ba shi ne ma'auni ba, ai jimina ba ta tashi.

Wa ya kawo sunayen nan masu karya harshe?

Carl Linnaeus, mutumin Suwidin. Daga bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na 1758, ake fara lissafin sunayen dabbobi. Failom da dangi daga baya aka ƙara su.

Malam, ta yaya zan gane cewa dabbobi biyu sifishis ɗaya ne?

To, wannan ce tambaya. Abin da littafinku ya ce shi ne: idan suka yi barbara suka haifi ɗa, ɗan kuma shi ma ya iya haihuwa, to sifishis ɗaya ne. A jarrabawa wannan za ka rubuta. Jaki ya hau goɗiya, a sami alfadari. Doki kuromosom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta) 64 gare shi, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, don haka galibi ba ya haihuwa. Na ce galibi, domin jefi-jefi akan sami alfadara ta haihu.

Amma shiga kara ranar kasuwa ka ga yadda ƙa'idar take tangal-tangal. Ga Bunaji fari da tozonsa, ga Rahaji ja mai dogayen ƙahoni. Waɗannan iri ne kawai, duk Bos indicus. Shanun Kuri na Tafkin Chadi, masu kumburarrun ƙahonin nan, ba su da tozo, su kuma Bos taurus ne, haka ma Muturu na kudu. Suna biyu, ko? Alhali idan aka haɗa mai tozo da mara tozo, maruƙan suna girma su haihu lafiya lau. Shi ya sa wasu masana suke ɗaukar su sifishis ɗaya mai rassa biyu, wasu suka bar su a rabe. Ni na fi karkata ga na farko, amma ba zan ci gyaran wanda ya rubuta ɗayan ba. Sannan dabbar da ƙashinta kaɗai ya rage a cikin dutse fa, wa zai gwada barbararta? A nan sai an dubi siffa da ƙwayar halitta, kuma a nan ɗin ma ana saɓani. Kada hankalinka ya tashi, ba kai kaɗai abin ya rikita ba.

Uda da Balami fa?

Yanzu na gama faɗa. Iri ne. Duk tunkiya ce, Ovis aries.

Dole ne sai na ja layi a ƙarƙashin sunan kimiyya, irin su Ovis aries?

Dole. Jinas da babban baƙi, sifishis da ƙarami, kowanne da layinsa. Kullum sai na ga "panthera Leo" a takardunku, kun juya abin kamar an sa hula a ƙafa. Maki ne kuke zubarwa a banza.

Gizo-gizo ƙwaro ne?

A hirar gida, e. A aji, ƙirga ƙafa: shida ƙwaro ne, takwas Arachnida, ajin kunama da kaska.

Kura ba dangin kare ba ce?

Kama da wane ba ta wane. Danginta daban, Hyaenidae, kuma ta fi kusa da kyanwa a kan kare.