Mene Ne Binciken Tushe?

Duk wanda ya taɓa zama a wurin da ɗalibin jami'a yake kare kundin bincikensa ya san tambayar da ba ta wucewa: "To, wannan aikin naka, me zai tsinana wa al'umma?" Tambaya ce mai kyau. Sai dai akwai wani nau'in bincike da mai yin sa ba zai iya amsa ta nan take ba, komai ƙwarewarsa. Shi ake kira binciken tushe.

Binciken tushe shi ne wanda ake yi don a fahimci yadda wani abu yake a halittarsa, ba tare da an sa wata matsala ta yau a gaba ba. Takwaransa shi ne binciken aiwatarwa. Masanin da yake neman irin gero mai jure fari, binciken aiwatarwa yake yi. Wanda kuwa ya duƙufa don ya gano yadda saiwar shuka take gane cewa ruwa ya yi ƙaranci, na tushe yake yi, ko da bai taɓa riƙe fartanya ba.

Labarin Thomas Brock ya fi kowane dogon bayani fito da ma'anar. Masanin ƙananan halittu ne a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 1966, shi da ɗalibinsa Hudson Freeze suka ɗebo samfuri daga wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a gandun dajin Yellowstone. Abin da suke son sani kawai shi ne iyakar zafin da mai rai zai iya jurewa. Suka iske wata ƙwayar bakteriya tana hayayyafa lafiya lau a zafin da ya kai digiri 70, suka raɗa mata suna Thermus aquaticus, suka wallafa sakamakon a 1969. Brock ya kai samfurin wata ma'ajiya da kowane masani zai iya nema daga cikinta. Da a ranar wani ya tambaye shi amfanin wannan ƙwaya ga marar lafiya, da ba shi da ta cewa.

Aka kwana, aka tashi. A 1983 Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus a Kalifoniya, ya fito da dabarar PCR, wadda ake ninka ɗan guntun DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta a jikin mai rai) da ita har ya yi yawan da na'ura za ta gane shi. Zagaye 30 na iya mayar da guntu ɗaya ya zama kusan biliyan ɗaya. Cikas ɗin shi ne kowane zagaye sai an dumama samfurin zuwa wajen digiri 95, zafin kuma yana lalata sinadarin da yake yin kwafin, dole a riƙa ƙara sabo da hannu. Sai aka tuna da ƙwayar Brock. Sinadarin da ke jikinta, wanda ake kira Taq, cikin zafi ya saba aiki. Da shi dabarar ta zama abin da na'ura za ta yi da kanta, kuma a 1993 Mullis ya samu kyautar Nobel.

Gwajin PCR da ya shiga bakin kowa a lokacin korona daga nan ya samo asali. Haka gwajin tarin fuka na na'urar GeneXpert da ake yi a asibitocinmu, da gwajin gano cutar ƙanjamau a jikin jarirai. Daga ɗebo ruwan nan zuwa korona, shekara 54 ce.

Akwai fannin nazari guda da ya keɓanta ga wannan alaƙa tsakanin gano abu a ɗakin gwaji da rayuwar jama'a, kuma masanansa ba su yarda cewa hanyar a miƙe take ba. A 1945 Vannevar Bush, mai ba gwamnatin Amurka shawara kan kimiyya, ya miƙa wa Shugaba Truman rahoton da ya ce gwamnati ta zuba kuɗi a binciken tushe, amfani zai biyo baya. Tunanin ya taimaka wajen kafa gidauniyar kimiyya ta ƙasar Amurka a 1950. Amma amfani ba ya zuwa da ƙafarsa. Sai an samu wanda ya adana, wanda ya karanta, wanda ya ƙera na'ura, da asibitin da ke da wutar lantarkin kunna ta. Wani lokacin ma matsalar ce take jawo ilimin: Louis Pasteur yana neman dalilin lalacewar giya da mutuwar tsutsar siliki a Faransa ne ya zurfafa sanin ƙwayoyin cuta.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon riba. Kuɗin jama'a ne ya ɗauki nauyin aikin Brock, ƙwayar kuma daga gandun gwamnati ta fito. A 1991 kamfanin Roche ya sayi haƙƙin mallakar PCR a kan dala miliyan 300, gandun Yellowstone bai samu ko sisi ba. Bayan wannan ne hukumar gandun ta fara ƙulla yarjejeniyar raba amfani da kamfanonin da ke zuwa ɗibar samfuri, ta farko a 1997.