Ilimin Manya da Horar da Ma'aikatan Gona a Bauchi da Gombe

Ilimin manya ga ma'aikatan gona shi ne karatu ko horon da ake ba baligin da ke cin abinci da aikin gona, wanda bai shiga makarantar boko ba ko ya bar ta da wuri. Ya kasu gida biyu. Akwai koyon karatu da rubutu da lissafi, wanda har yau jama'a ke kira yaƙi da jahilci. Akwai kuma koyon aikin kansa: feshi, zuba takin zamani, tazarar shuka, sarrafa injin ban-ruwa da adana amfanin gona. A jihohin Bauchi da Gombe, inda galibin jama'a manoma ne, hukumomi daban ne ke riƙe da waɗannan sassa biyu, ɗaya ƙarƙashin ilimi, ɗaya ƙarƙashin aikin gona, alhali mutum guda ne ke bukatar su duka.

Su wa ake nufi

Ma'aikacin gona ba lallai ne shi ne mai gona ba. Akwai ɗan ƙwadago da ake biya a wuni ko a kan jinga, akwai ɗan barema da ke zama gidan mai gona har ƙarshen damina, akwai matasan gandu da ke yi wa mahaifinsu aiki, da 'yan ci-rani masu bin fadamun Jama'are ko gonakin shinkafa na Dadin Kowa idan ruwa ya ɗauke. Mata ma na ciki, domin tsinkar gyaɗa, roron wake, casa da sheƙa yawanci a hannunsu suke, a ƙasar Tangale da Waja kuwa har noman suke yi da fartanya. Wannan bambanci yana da muhimmanci, don sau da yawa mai gona ake kira taron bita, amma wanda ke goya injin feshi yana can bakin kunya.

Tarihi

Yaƙi da jahilci ya bazu a Jihar Arewa a shekarun 1950. Malam Ahmadu Coomassie na cikin manyan jami'an da suka jagorance shi, Kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, da ke Zariya kuma su ke buga ƙananan littattafan koyo. Ana yin ajin ne a zaure ko gindin bishiya, galibi da rani. A daidai wannan zamani auduga ke bunƙasa a ƙasar Gombe, jirgin ƙasa kuma ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, sai iya karanta sikeli da takardar awo ya zama abin da ke kare aljihun manomi.

Horon aikin gona na zamani ya kankama ne da shirin raya noma na Gombe, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Shi da na Funtuwa da Gusau su ne ukun farko a Najeriya. An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, a 1981 kuma aka faɗaɗa shirin ya game jihar baki ɗaya da sunan BSADP. Da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi a 1996 sai ita ma ta kafa nata. Malaman gonar da tsofaffi ke tunawa, masu zagaya ƙauyuka a kan babur a ranakun da aka tsayar, na wannan tsari ne. A ɓangaren karatu, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989 da hukumar ilimin manya ta ƙasa, NMEC, a 1990, kowace jiha kuma tana da tata hukumar. Daga baya ƙungiyar Sasakawa mai tallafa wa ƙananan manoma, wadda ta shigo Najeriya a 1992, da shirye-shiryen gwamnati na raya noman fadama sun ƙara yaɗa koyarwa ta hanyar gonar gwaji.

Abin da ake koyarwa

Babu darasin da ya kai feshi nauyi. Tun da maganin ciyawa ya maye gurbin noman firi a gonaki da yawa, feshi ya zama sana'a mai zaman kanta, matasa na yin ta a kan kuɗin kowane tanki. Bayanin da ke jikin kwalba kusan kullum da Turanci yake, da ƙananan haruffa. Wanda bai iya karantawa ba sai ya auna da murfi, bisa abin da mai shago ya gaya masa ko abin da ya ga maƙwabci na yi. Idan maganin ya yi kaɗan ciyawa ba ta mutuwa, idan ya yi yawa shuka ta ƙone, kuɗi ya tafi a banza. A wajen horo ana nuna masa yadda zai san lita nawa tankinsa ke ci, 16 ne ko 20, da yadda saurin tafiyarsa ke canza yawan maganin da ke sauka a eka. Ana koya masa zanen launi da ke ƙasan kwalba: ja ya fi kowanne haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Ana hana shi feshi da tsakar rana ko yana fuskantar iska, da hura bakin injin da bakinsa idan ya toshe, da cin goro ko shan taba hannu ba wanki, da mayar da galan ɗin magani mazubin ruwa ko man gyaɗa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya dawo daga feshi, bayan rigarsa sharkaf da abin da tanki ya zubar, yana kukan jiri da ciwon kai, ya san wannan darasi na ceton rai ne.

Na biyu shi ne taki. Lambobin da ke jikin buhu, kamar 15-15-15, suna nuna kason sinadarai uku da ke ciki, yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce zalla, ana kuma binne ta maimakon a watsa rana ta cinye. Ga masara ana yawan ba da shawarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. Malamin gona mai dabara ba ya tsayawa kan lamba: igiya yake ɗaurewa da ƙulli, ko ya yanko kara daidai tsawon, ya miƙa wa mai shuka.

Sauran sun haɗa da gane tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, da adana wake a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da magani ba, da kula da injin ban-ruwa da na casa, da lissafin jinga don kada a cuci mutum a awon fili.

Inda ake koyo

Mafi yawan horon a gona ake yin sa. Makarantar manoma ta fili, tsarin da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a Indunusiya a 1989, tana tara mutum ashirin zuwa talatin su riƙa haɗuwa a gona guda tun daga shuka har girbi, suna gwada tsohuwar hanya da sabuwa gefe da gefe. Malaman kansu suna fitowa ne daga wurare irin su Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Bauchi, da Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Rediyo ma makaranta ce, kuma ita ce ke kai wa matan da ke cikin gida.

Matsaloli

Lokaci shi ne babban cikas. Da damina ɗan ƙwadago ba zai bar kuɗin wuni ya zauna a aji ba, da rani kuma ya tafi ci-rani. Ajin dare bayan sallar lisha ya fi dacewa, sai dai gajiya da rashin fitila kan rage masu zuwa. Malaman gona sun yi kaɗan ƙwarai a kan yawan manoma, da yawansu sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, malaman yaƙi da jahilci kuma alawus ɗinsu kan makara.

Sunan jahilci ma yana korar mutane, kuma bai dace da da yawansu ba. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashinsa da ajami, ba jahili ba ne, haruffan boko ne kawai bai sani ba. Irin wannan idan aka fara masa daga abin da ya iya, yakan kama boko da sauri, kuma takardar bayanin magani da aka rubuta da Hausar ajami zai karanta ta tun ranar farko. Haka nan horon da ba ya ƙara wa mutum lada ba ya jan matasa. A wuraren da aka ba masu feshi takardar shaida da kayan kariya, takalmin roba da safar hannu da takunkumi, suka zama su ake nema a yi haya, matasa da kansu ke zuwa tambayar ranar da za a buɗe aji na gaba.