Waiwaye: jemage da ɗan tsuntsun fadama, wa ya fi shiga haɗari?

Tun muna lakwal a Birni ake mana gardamar nan, wai jemage shi ba tsuntsu ba shi ba ɓera ba. Ashe su ma Turawa sun daɗe suna wannan ruɗanin. A 1758 ne Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, ya sa shi cikin dabbobi masu shayarwa, amma sai ya haɗa shi gida guda da birai da mutane, daga baya wani masanin, Blumenbach, ya ware masa nasa gidan, Chiroptera, wato mai fiffike a hannu. Yana haihuwa, yana ba da nono, gashi ne a jikinsa, to magana ta ƙare.

Shi ko ɗan tsuntsun da nake nufi, Acrocephalus paludicola, dangin tsuntsaye masu waƙa ne, nauyinsa giram 12 ko kusa. Yana ƙyanƙyasa a fadamun Folan da Belarus da Yukren, in sanyi ya shigo sai ya ƙetaro Sahara. Shekaru ana neman inda yake sauka, sai 2007 aka gano shi a Djoudj ta Senegal. Da waƙar mazan ake ƙirga su, kuma mazan ba su kai dubu 15 ba, saboda an busar da fadamunsu an maida gonaki.

Kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na halittun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 1964, ya sa shi a matakin masu rauni. Tun 2003 ƙasashe suka sa hannu a Minsk, babban birnin Belarus, kan za su kare shi, shi kaɗai fa.

Abin da ke damuna shi ne babban jemage mai ruwan kara, Eidolon helvum, irin mai cin mangwaro a garka. Tun 2008 yana matakin da ke ƙasa kaɗan da na tsuntsun a haɗari, taki guda ne tsakaninsu wallahi, amma da yake ana ganinsu dubbai bisa itace guda ba wanda ke yarda. Uwar ɗa guda take haifa a shekara, tsuntsuwar ko ƙwai huɗu zuwa shida take yi, wani lokaci har sau biyu. A kudu ana farautarsa don nama, nan kuma mu sare manyan itatuwan da yake kwana, ko yara su bi shi da danƙo. Shi ne kuma mai kai irin itace kilomita gommai cikin dare guda, a ƙasar da kullum muke kukan hamada.