Ma'anar "taƙyimul i'aƙa" da matsayinsa wajen neman tallafin masu naƙasa a Saudiyya

A duk gidan da ke da mai naƙasa a Makka ko Jidda ko Madina, ba a rasa ranar da wani zai tambaya ko an yi masa taƙyimi. Da yawa daga cikin Hausawan nan sukan amsa da cewa an yi, alhali abin da suke nufi shi ne likita ya duba shi ya ba su takarda, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Taƙyimi a Larabci shi ne auna abu a san matsayinsa, i'aƙa kuwa ita ce naƙasa. Amma a harshen hukuma, taƙyimul i'aƙa suna ne na wata hidima takamaimiya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Bunƙasa Zamantakewa, wadda da ita ake tantance irin naƙasar mutum da nauyinta, sannan a shigar da sunansa cikin rajistar ma'aikatar. Likita yana faɗin abin da ya sami jiki ne, ita kuwa ma'aikata tana yanke matsayin da za ta ɗauki mutum a kai. Matuƙar ba a yi wannan rajista ba, ko da kowa a unguwa ya san mutum gurgu ne tun yarinta, sauran hidimomin ba za su buɗe masa ba.

Na ga wannan a wajen wata dattijuwa maƙwabciyarmu a yankin Shari' Mansur da ke Makka, wadda ɗanta ya sami shanyewar ɓarin jiki. Tana da leda cike da takardun asibiti, wasu har sun yi laushi saboda yawan ninkewa, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta zazzage su a kan darduma ta ce, "Ɗana, duba mini, me ya rage kuma?" Abin da ya rage bai wuce biyu ba: sabon rahoton likita, domin wanda ya haura shekara ba a karɓarsa, da kuma shigar da buƙatar a shafin ma'aikatar na intanet, inda ake shiga ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance ko wane ne mutum. Jikarta ce ta yi mata a waya bayan sallar isha'i.

Wajibi ne a gane cewa taƙyimi ba kuɗi ba ne, kuma kammala shi ba ya nufin an fara biyan mutum. Bayansa ne ake neman kowace hidima daban, da nata sharuɗɗan. Akwai tallafin kuɗi na wata-wata, wanda yawansa ke bin nauyin naƙasar, kuma ana duba abin da mai nema yake samu. Akwai kayan taimako irin su keken guragu da gadon jinya, akwai yafe kuɗin bizar ɗauko direba ko mai jinya, sannan akwai katin tashilat, wanda ke ba da damar ajiye mota a gurbin masu naƙasa da rangwamen rabin kuɗin tafiya a sufurin gwamnati ga mai katin da ɗan rakiyarsa.

Inda maganar ta fi shafar al'ummarmu shi ne batun takardun zama, domin Hausawan ƙasar nan ba matsayinsu ɗaya ba. Wasu 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, wasu suna zaune da igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, wasu kuma ba su da ko ɗaya. Tallafin kuɗin an tanade shi ne domin 'yan ƙasa, wanda igamarsa ba ta ƙare ba kuwa yana iya neman sauƙin wurin ajiye mota, don haka kuskure ne a ce masa babu abin da zai samu, kamar yadda kuskure ne a sa masa ran albashi. Wanda ba shi da takarda ko shafin ba zai iya shiga ba, shi ya sa irin waɗannan gidaje suka fi dogara da 'yan'uwa da masu hannu da shuni.

Tsarin yana da tushe a doka. Saudiyya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, ta kafa hukumar kula da su a 2018, sannan a 2023 ta fitar da sabuwar dokar haƙƙinsu, wadda ta maye gurbin ta shekarar 2000. A ganina wannan ya isa ya kawar da nauyin da wasu iyaye ke ji, waɗanda ke ɗaukar neman taƙyimi tamkar bara ko tona asirin gida, har su ɓoye yaro kurma ko mai taɓin ƙwaƙwalwa shekara da shekaru. Rajistar tana da amfani har wajen neman aiki, domin a tsarin Niɗaƙat, wanda ke auna yawan 'yan ƙasa da kamfani ya ɗauka aiki, ana iya lissafa ma'aikaci ɗan ƙasa mai naƙasa a matsayin mutum huɗu, kuma kamfani ba zai sami wannan lissafi ba sai da shaidar naƙasar daga hukuma.